Beatrix Potter: Jikar Mai Atamfa Da Aka Hana Auren Ɗan Kasuwa

A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasarmu suka sani da Abdulkarim, ya sauka a Kano, ya zagaya kasuwa yana rubuta abin da idonsa ya gani. Cikin hajar da ya lissafta har da yadin Manchesta, fari da mai zane, wanda fatake suka ƙetaro Sahara da shi bisa raƙuma. Wannan yadi da ya cika kasuwannin duniya a wancan ƙarni ya tara wa waɗansu gidaje na arewacin Ingila dukiya mai yawan gaske. To, labarinmu na wannan mako na ɗiyar ɗaya daga cikin gidajen nan ne, watau Beatrix Potter, matar da ta rubuta ƙananan littattafan yara 23, ta kuma zana hotunansu da hannunta, waɗanda har gobe ake bugawa ana sayarwa cikin harsuna masu yawa.

Wanda ke son ya gane wannan mata sai ya fara daga kakanta na wajen uba, Edmund Potter, wanda aka haifa a 1802. Sana'arsa ita ce buga zane a jikin farin yadin auduga, irin aikin da ke fid da abin da mu muke kira atamfa. A 1825 shi da wani ɗan'uwansa suka kafa masana'anta a wani kwari da ake kira Dinting Vale, ba nisa da Manchesta. Ba a jima ba kasuwa ta juya musu baya, a 1831 jari ya karye, bashi ya hau kansu. Edmund bai gudu ba, bai kuwa ɓuya bayan doka ba. Ya sake tashi, ya yi ta aiki har ya biya masu binsa bashi haƙƙinsu. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kwana da bashin mutane a wuyansa ya san nauyin wannan magana. Daga nan Allah ya buɗa masa, ya shigo da injuna masu buga zane da sauri a maimakon bugun hannu, har masana'antarsa ta zama babu kamarta wajen girma a cikin masu wannan sana'a. Ya gina wa ma'aikatansa makaranta da ɗakin karatu. A 1861 aka zaɓe shi wakilin garin Carlisle a majalisar dokokin Ingila, ya zauna a kujerar har 1874, sa'an nan ya rasu a 1883, jikarsa tana da shekara 17.

Ta wajen uwa ma haka abin yake. Mahaifiyarta, Helen Leech, ɗiyar John Leech ce, wani attajirin auduga na garin Stalybridge. Ke nan ko ta ina ka ɓullo wa zuriyar, zare da yadi za ka tarar.

Akwai wani abu kuma da ya haɗa gidajen biyu, wanda mai karanta wannan fili zai so ya ji. Dukansu mabiya wata ɗariƙa ce ta Kirista da ake kira Yunitariya, wadda ba ta yarda da aƙidar Allah uku cikin ɗaya ba. Mabiyanta sun ce Allah ɗaya ne, Annabi Isa kuwa mutum ne abin koyi. Saboda wannan ra'ayi sun sha wuya a Ingila. Sai a 1813 aka soke dokar da ta tanadi hukunci a kan wanda ya musanta aƙidar uku, kuma an daɗe bayan nan ba a sakar wa irinsu ƙofofin tsofaffin jami'o'in Oxford da Cambridge gaba ɗaya ba. Da aka toshe musu hanyar muƙamai da ta manyan makarantu, sai da yawansu suka karkata ga ciniki da masana'antu, suka kafa makarantunsu, suka himmatu ga ilmin kimiyya. Beatrix ta tashi cikin wannan tarbiyya, ta tambaya da bincike da ƙin karɓar magana don kawai babba ne ya faɗe ta. Ko bikin Kirsimeti ma ba a cika ba shi wani muhimmanci a gidansu ba.

Ubanta, Rupert Potter, ya yi karatun lauya a Landan, amma ba a san shi da zaryar kotu ba. Gado ya ishe shi. Ya zuba kuɗinsa cikin hannayen jari, ya sayi gida a unguwar masu hali ta Kensington, ya riƙa wuni a kulob tare da manyan mutane. Abin da ya fi ba zuciyarsa shi ne ɗaukar hoto da kyamara, ya kuwa gwanance, har shahararren mai zanen nan John Everett Millais, wanda abokinsa ne, yakan nemi ya ɗauko masa hotunan wurare don ya yi aiki da su. Mutum ne mai son fasaha, shi ya riƙa jan 'yarsa zuwa wuraren nunin zane-zane. Amma shi da matarsa sun ƙudurta abu guda a ransu: su manta da hayaƙin masana'anta, su shiga sahun waɗanda a Ingilar wancan zamani ake ɗauka su ne mutanen kirki, watau waɗanda ba sa saye ba sa sayarwa. A can, a lokacin, a ce mutum yana cin abinci da ciniki abin raini ne a wurin masu asali, ko da kuwa ya fi su kuɗi nesa ba kusa ba.

A wannan gida, lamba 2 a Bolton Gardens, aka haifi Helen Beatrix Potter ran 28 ga Yuli, 1866. Ba a sa ta makaranta ba. Kamar yawancin 'yan matan masu hali na lokacin, malamai mata aka ɗauko suna koya mata a gida, a wani ɗaki can saman bene. Ƙanenta Bertram, wanda aka haifa a 1872, shi aka tura makarantar kwana da ya isa. Ƙawaye kuwa kusan babu. Abokan zamanta su ne dabbobin da ita da ƙanenta suka tara a ɗakin: zomaye, da ɓeraye, da bushiya, da jemage, da ƙadangaru, da kwaɗi. Tana kallonsu tana zanawa, in suna barci, in suna cin abinci, in suna susa. In wata dabba ta mutu, yaran nan biyu sukan dafa gawar har nama ya saɓule, su jera ƙasusuwan su ga yadda Mahalicci ya haɗa su. Mai karatu na iya yamutsa fuska, amma daga nan ne gwanintarta ta samo tushe. Zomon da za ta zana daga baya, ko da ta sa masa riga da takalma, in ka dube shi da kyau za ka ga ƙafarsa ta zomo ce, zamansa na zomo ne, tsoron da ke idonsa ma na zomo ne.

Abin da ya cece ta daga kaɗaici shi ne hutun bazara. Kowace shekara iyalin kan kwashe bayi da dawaki su bar Landan wata uku. Daga 1871 zuwa 1881 suna sauka a wani gida mai suna Dalguise kusa da garin Dunkeld a ƙasar Sikotlan, inda aka sake ta tana yawo cikin daji da bakin kogi. A 1882 suka sauya, suka tafi Yankin Tafkuna na arewa maso yammacin Ingila, suka kama wani katafaren gida a bakin tafkin Windermere. A can ta haɗu da limamin cocin wurin, Hardwicke Rawnsley, mutumin da ke fafutukar kada a bar masu gine-gine da masu shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa su ɓata wannan yanki. Shi ne daga baya, a 1895, ya haɗu da waɗansu mutum biyu suka kafa ƙungiyar National Trust mai riƙe filaye da tsofaffin gidaje amana don jama'a. A riƙe sunan wannan ƙungiya, za mu sake gamuwa da ita.

Tun tana wajen shekara 15 ta fara rubuta abin da ke faruwa da ita kullum cikin wani rubutun sirri da ta ƙago da kanta, ta yi ta yi har 1897. Ba wanda ya iya karanta shi sai a 1958, shekara 15 bayan rasuwarta, da wani injiniya mai suna Leslie Linder ya gano mabuɗinsa bayan ya daɗe yana fama. Yarinyar da ta ƙago haruffa don kada mutanen gidansu su karanta zuciyarta, ai ba sai an yi dogon bayani a kan irin zaman da take yi ba.

Kafin littattafan yara, kimiyya ta fara nema. Ta shaƙu da nazarin laimar kwaɗi da danginta, ta zana ɗaruruwan hotunansu da launi, daidai wa daida, har masana na amfani da su wajen gane iri. Wanda ya ƙarfafa ta a wannan fanni wani masinjan gidan waya ne na Dunkeld, Charles McIntosh, wanda yawon raba wasiƙu a ƙasa ya mai da shi masanin tsirrai. Ta sami madubin ƙara girman abu, ta yi ta gwada yadda ƙwayoyin irin laimar kwaɗi, masu kama da ƙura, suke tsirowa. Mijin gwaggonta, Sir Henry Roscoe, babban masanin haɗa magunguna, ya tsaya mata. A watan Afrilu na 1897 aka gabatar da takardar bincikenta a gaban ƙungiyar masana ta Linnean a Landan. Ita kanta ba ta halarta ba, domin a lokacin ba a yarda mace ta shiga zaman ƙungiyar ba, sai wani namiji ya miƙa a madadinta. Ba a buga takardar ba. Bayan shekara 100, a 1997, ƙungiyar ta fito ta amsa cewa ba a kyauta mata ba.

Wannan ƙofa ta rufe, ga shekaru sun haura 30, ga ba aure, ga kowane kwabo sai ta nema a hannun uba. Amma ta riga ta ɗanɗana wani abu. A 1890 ta sayar wa wani kamfani zanen zomonta don a yi katin gaisuwa, aka biya ta fam 6. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba a gidan da ke da bayi da keken doki, sai dai su ne na farko da guminta ya kawo, kuma jinin Edmund Potter ya motsa.

Malamarta ta ƙarshe, Annie, wadda ta girme ta da shekara uku kacal, ta yi aure ta haifi 'ya'ya, zumunci kuwa bai yanke ba. Ran 4 ga Satumba, 1893, Beatrix tana hutu a Sikotlan ta rubuta wa ɗan Annie mai suna Noel wasiƙa, yaro ɗan shekara biyar da ke kwance ba lafiya. Da ta rasa labarin da za ta ba shi, sai ta ƙaga masa na wani ɗan zomo mai suna Peter, ta yi masa zane a gefen rubutun. Uwar zomon ta gargaɗe shi kada ya shiga lambun wani manomi (a littafin da ya fito daga baya ne aka ƙara cewa a can ubansa ya halaka, aka yi abinci da shi). Ya ƙi ji, ya shiga, ya ci ganye har cikinsa ya ɓaci, mai lambu ya biyo shi, ya tsira da kyar bayan ya bar rigarsa da takalmansa, ya kwana ba lafiya 'yan'uwansa na cin daɗi. Iyakar labarin ke nan. Ba ta ɓoye wa yaro cewa ana mutuwa a duniya ba, ba ta kuwa tsaya yi masa wa'azi ba. Wanda ya tashi da tatsuniyoyin Gizo da na zomo a bakin kaka zai ji wani ƙamshi da ya sani, kuma ba banza ba: tun tana ƙarama ta karanta tatsuniyoyin zomo mai wayo waɗanda Joel Chandler Harris ya tattara daga bakin baƙaƙen fatar Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, har ta zana hotunan waɗansu daga ciki.

Bayan shekara bakwai ta aro wasiƙar daga hannun yaron, ta faɗaɗa ta ta zama littafi, ta aika wa kamfanonin ɗab'i. Duk suka mayar mata. Waɗansu suna son babban littafi mai tsada, ita kuwa ta kafe a kan ƙarami wanda zai zauna a tafin hannun yaro, mai araha wanda iyaye za su iya saye. Da ta ga haka sai ta zaro kuɗinta, a watan Disamba na 1901 ta buga kwafi 250 da kanta. Suka ƙare nan da nan. Sai kamfanin Frederick Warne, wanda yana cikin waɗanda suka ƙi da farko, ya dawo ya ce zai buga in ta yarda ta sa wa hotunan launi. A watan Oktoba na 1902 The Tale of Peter Rabbit ya fito, kwafi 8,000 a bugun farko, ana sayar da shi sule guda. Kafin shekarar ta ƙare an buga 28,000.

A nan ne za ka ga jikar mai atamfa sosai. Ba ta miƙa rubutu ta koma gefe tana jiran abin da za a ba ta ba. Tana karanta yarjejeniya layi-layi, tana gardama a kan rabonta na kowane kwafi, tana duba launin da injin ya fitar, in bai yi mata ba ta ce a sake. A 1903 ta ɗinka 'yar tsanar zomon nan da hannunta, ta je ta yi mata rajista a ofishin gwamnati don kada wani ya kwaikwaya ya sayar ba da izninta ba. Daga baya aka yi wasan allo da takardar ado ta bango da kayan shayi masu hotunan dabbobinta. Abin da kamfanonin fina-finan yara ke yi yanzu, na sayar da riguna da jakunkuna masu hoton taurarinsu, ta riga su da shekaru da dama. Wuri guda aka yi sakaci: kamfanin bai yi wa littafin farko rajista a Amurka ba, masu satar fasaha suka yi ta bugawa a can, ko anini bai shigo hannunta ba. Ta ji zafin wannan ƙwarai.

Littattafai suka biyo baya, biyu ko uku a shekara: na kurege, na bushiya mai wanki da guga, na kwaɗo mai kamun kifi, na agwagwa mai neman inda za ta yi kwanci. Wanda ta fi so duka shi ne The Tailor of Gloucester, na 1903, labarin wani tsohon tela matalauci da ciwo ya kayar alhali ga ɗinkin magajin gari bai gama ba, ɓeraye suka ƙarasa masa da dare. Don ta zana falmaran ɗin da ke cikin labarin sai da ta je gidan adana kayan tarihi na South Kensington, aka fito mata da tufafin mutanen da, ta zauna tana kwafe surfanin zare bayan zare. Yadi dai bai bar ta ba.

Mutumin da ke kula da littattafanta a kamfanin shi ne Norman Warne, ƙaramin ɗan mai kamfanin, mai haƙuri da kunya, wanda bai taɓa aure ba. Shekara uku suna musayar wasiƙu a kan aiki, har shaƙuwa ta shiga. A watan Yuli na 1905 ya rubuto yana neman aurenta. Tana dab da cika shekara 39.

Iyayenta suka ce atafau ba za a yi ba. Ba su kama shi da wani mugun hali ba, ba su ce ba zai iya riƙe ta ba. Laifinsa ɗaya: ɗan kasuwa ne, yana sayar da littattafai. Ya kai mai karatu, dubi wannan al'amari da kyau. Gidan da suke zaune, da keken dokin da suke hawa, da hutun wata uku da suke zuwa, duk ribar yadi ce da aka auna aka sayar. Tsakaninsu da kanti tsara ɗaya ce tak. Amma ga shi suna ƙyamar surukin da ke yin abin da iyayensu suka yi har suka bar musu gadon da suke taƙama da shi. Ba a Ingila kaɗai ake wannan ba. Mu ma mun san gidajen da kuɗin goro ko na fata suka kai ɗa makaranta, ya dawo ya zauna a ofis, sa'an nan ya ji nauyin a gan shi a rumfar ubansa.

Duk da haka kada a yi wa iyayen nan hukunci fiye da laifinsu. Akwai tsoro a ciki: sun tsufa, ita kaɗai ce 'ya mace, ita ke riƙe da hidimar gidan, kuma a al'adarsu ɗiyar da ba ta yi aure ba ita ce sandar tsufan iyaye. Beatrix ba ta yi musu tsawa ba, ba ta kuwa janye ba. Ta karɓi zoben Norman, ta yarda da sharaɗinsu cewa ba za a sanar da kowa ba tukuna, ta bi su hutu ƙasar Wales. Ciwo ya kama Norman, ciwon sankarar jini. Ran 25 ga Agusta, 1905, wata guda bayan ya nemi aurenta, ya rasu yana da shekara 37. Ba ta iske shi da rai ba. Da yake ba a bayyana baikon ba, ko makokin ma a ɓoye ta yi shi. Zoben nan kuwa ta riƙe shi har ƙarshen ranta.

Cikin wannan shekarar ta sayi wata gona mai suna Hill Top a ƙauyen Near Sawrey, cikin Yankin Tafkuna, eka 34, a kan fam 2,805, da kuɗin littattafanta da ɗan gadon da wata gwaggonta ta bar mata. Ta bar manomin da ta tarar a ciki ya ci gaba da aiki, ita kuma tana zuwa duk lokacin da ta sami sararin barin iyayenta na 'yan kwanaki. Ta koyi kiwon tumaki da shanu, ta koyi gyaran katangar dutse da magudanar ruwa. Gidan da lambun da lungunan ƙauyen duk sun shiga hotunan littattafanta na waɗannan shekaru. Kuɗi na shigowa, tana ƙara sayen ƙasa. A 1909 ta sayi gona ta biyu, kuma lauyan ƙauye da ya taimake ta a cinikin, William Heelis, shi ne ya nemi aurenta a 1912.

Iyaye suka sake ƙi, wai lauyan ƙauye bai kai ba. Ta kwanta ciwo mai tsanani a wannan hunturu. Sai ƙanenta Bertram ya zo ya fasa ƙwai: ya shaida wa iyayen cewa shi kansa ya yi aure tun 1902, ya auri wata 'yar Sikotlan wadda ya san ba za su karɓa ba, yana zaune da ita a gonarsa shekara 11 ba su sani ba. Girman kan da suka gina gidan a kai ya sa ɗansu ya ɓoye musu matarsa fiye da shekara goma. Bayan wannan ba su da sauran ta cewa. Ran 15 ga Oktoba, 1913, aka ɗaura auren Beatrix da William Heelis a Landan, tana da shekara 47. Sun zauna shekara 30 lafiya. Ba su sami haihuwa ba.

Ubanta ya rasu a 1914. Ta ɗauko uwarta ta zaunar da ita kusa, a wani gida a gefen Windermere, ta yi ta ɗawainiya da ita har tsohuwar ta rasu a 1932 tana da shekara 93. Uwar da ta tare mata aure sau biyu, ba ta yar da ita ba ko kwana ɗaya. Haka kuma ta yi wa gidan su Norman. A 1917 aka ɗaure wani wansa saboda takardun kuɗi na jabu, kamfanin ya kusa rushewa, ita kanta tana bin su kuɗi masu yawa. Tana iya kwashe littattafanta ta kai wani wuri. Maimakon haka ta haɗa musu sabon littafi a wannan shekara, ta ƙara wani a 1918, don kamfanin ya sami abin tashi.

Daga nan rubutu ya ja baya, idonta ma ya fara rauni ga zanen ƙananan abubuwa. Na ƙarshe cikin jerin 23 ya fito a 1930. Zuciyarta ta koma kan tumaki, musamman wani iri na duwatsun yankin da ake kira Herdwick, masu jure sanyi da ƙanƙara, waɗanda ake haifa baƙaƙe su yi fari-fari in sun girma. Makiyayanmu za su so jin halinsu: ba a yi musu shinge a kan dutse, kowace tunkiya ta san iyakar makiyayar garkensu, ɗanta kuma a wurinta yake koyo, har a yi tsara bayan tsara garke bai bar wurinsa ba. Saboda haka in aka sayar da gonar aka watsa garken, an yi hasarar abin da kuɗi ba sa mayarwa. Wannan ya sa ta shiga sayen manyan gonakin kan dutse kafin masu gina gidajen shaƙatawa su riga ta. Ta sayi Troutbeck Park, ta ɗauki wani gwanin makiyayi, Tom Storey, suka gyara garken da cuta ta ci, har tumakinta suka riƙa cinye gasa a wuraren nunin amfanin gona. A 1930 ta sayi wani babban yanki mai suna Monk Coniston, ta sayar wa National Trust rabinsa a kan kuɗin da ta saya, ba ta ɗora ko sisi ba. Mutanen ƙauye ba su san ta da Beatrix Potter ba. Matar Heelis suke ce mata, tsohuwa mai takalman katako da tufafin ulu masu kauri, mai tsanani a ciniki, wadda ta taimaka aka samo wa ƙauyukansu ma'aikaciyar jinya. A 1943 ƙungiyar masu kiwon Herdwick ta zaɓe ta shugaba, mace ta farko, amma ajali bai bar ta ta hau kujerar ba.

Gidan Bolton Gardens, inda aka haife ta, bom ɗin Jamus ya rushe shi a 1940. Ita kuwa ta rasu ran 22 ga Disamba, 1943, tana da shekara 77. A wasiyyarta ta bar wa National Trust fiye da eka 4,000 da gonaki fiye da goma, da gidaje da garkunan tumaki, abin da ya yi kama da waƙafi a wurinmu, bisa sharaɗin a ci gaba da noma da kiwon Herdwick a cikinsu, a kuma bar ɗakunan Hill Top yadda ta bar su, kada a ba da hayar gidan. Bisa umurninta aka ƙone gawarta, kamar yadda waɗansu mutanen ƙasar ke yi, Tom Storey ya watsa tokar a wani wuri a kan tudun da ke bayan ƙauyen, ya kuma riƙe sirrin wurin kamar yadda ta roƙe shi. Mijinta ya bi ta a 1945. A 1946 aka buɗe Hill Top ga masu ziyara.